Yadda Ake Haɗa Akwatin Gyaran Bututun Ruwa Na Motar Gida Da Yadda Ake Aiki Da Shi A Hanya

Motar gida, wato irin motar nan da aka gina wa ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, tana ɗauke da duk kayan ruwan da gida ke da su: tanki, injin tura ruwa, hita, kan famfo, shawa da masai. Sai dai gida a zaune yake wuri guda, ita kuwa kullum cikin jijjiga take. Duk ramin da taya ta faɗa, duk birkin da aka taka, sai mahaɗan bututu sun ji a jikinsu. Ga zafin rana da sanyin dare suna sa roba ta miƙe ta kuma takure. Don haka ko ba daɗe ko ba jima yoyo zai zo, kuma yakan zo ne a inda babu mai gyaran famfo kusa.

Abin da ya sa maganar ta fi ƙarfin a yi mata riƙon sakainar kashi shi ne yadda aka gina jikin motar. Daɓenta da bangonta katako ne marar kauri da soso. Ruwa kaɗan da ya riƙa ɗiga a bayan kabad na 'yan makonni ya isa ya ruɓar da daɓe, kuma gyaran daɓe ya fi gyaran bututu wahala nesa ba kusa ba. Akwatin da za mu haɗa a nan aikinsa uku ne, bi da bi: ya tsayar da ruwan, ya ware reshen da ya lalace domin sauran su ci gaba da aiki, sannan ya gyara. Duk abin da zai shiga cikinsa kuma dole ya zama an zaɓe shi bisa awon motarka, domin mahaɗin da bai dace da bututunka ba nauyi ne kawai.

Mataki na farko: san irin bututun da ke motarka

Kafin ka sayi ko da washa ɗaya, ɗauki tocila ka buɗe duk kabad, ka ɗaga gado da kujeru, ka bi ruwan daga tanki har kan famfo. Hanyar kusan ɗaya ce a kowace mota. Ruwa na fita daga tankin ruwa mai tsabta, ya ratsa wani ɗan mataci mai murfi garai-garai, ya shiga injin turawa da ke aiki da batir mai volt 12. Daga nan ya rabu gida biyu: reshe ɗaya ya tafi a matsayin ruwan sanyi, ɗayan ya shiga hita ya fito da zafi. Motoci da yawa suna da baki a jikinsu ta waje inda ake jona tiyo daga famfon sansani, wato filin da aka tanada don irin waɗannan motoci su yada zango, ruwan ya shigo da ƙarfinsa ba tare da inji ba. A can ƙasa kuma akwai bakunan zubarwa da ake buɗewa idan ana son bututu ya tsiyaye kaf. Ka tabbata ka ga kowannensu da idonka, ka taɓa shi da hannu, ka san ta wace ƙofa hannunka ke kaiwa gare shi.

Sai maganar awo, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Motocin da aka ƙera a Amurka da Kanada yawanci da bututun roba mai suna PEX suke zuwa, ja na ruwan zafi, shuɗi na sanyi, mai girman da ake kira rabin inci. Wannan rabin incin suna ne kawai; in ka auna kaurinsa ta waje za ka samu inci 5/8, wato kusan milimita 16. Motocin Turai kuwa sun fi amfani da bututu mai milimita 12 ta waje, wasu 15, da mahaɗan turawa, wato waɗanda ake tura musu bututu kawai su kama, irin na kamfanin John Guest ko Whale, ƙananan motoci kuma sukan zo da tiyo mai laushi na milimita 10. Bututun milimita 15 da na rabin incin Amurka a ido kamar ɗaya suke, amma mahaɗin wannan ba ya riƙe wancan. Idan motar tsohuwar Amurka ce daga kafin tsakiyar shekarun 1990, kana iya tarar da bututun roba mai ruwan toka na polybutylene, wanda aka daina amfani da shi saboda yawan tsagewa. Faɗin cikinsa ya bambanta da na PEX, don haka yana da nasa mahaɗin na musamman da ke haɗa shi da sabon bututu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka karanta rubutun da ke jikin bututun, domin yawanci an buga iri da girma. In ya goge, yanki siririyar takarda ka naɗa ta zagaye ɗaya, ka sa alama inda ta haɗu, ka miƙe ta a kan rula. Milimita 38 na nufin bututun 12, 47 na nufin 15, 50 kuma rabin incin Amurka ne.

Bakuna masu haƙori da ake murɗawa su ma iri-iri ne. Amurka na amfani da irin haƙorin da ake kira NPT, Turai da ƙasashe da dama kuma BSP. A girman rabin inci dukansu haƙori 14 ne a kowane inci, shi ya sa sukan kama juna su yaudare ka, alhali kwanciyar haƙoran ta bambanta: digiri 60 a NPT, 55 a BSP. Za su shiga zagaye biyu ko uku, su cije, su yi ta ɗiga. Bakin tiyon lambu na Amurka kuma wani iri ne na uku daban.

Rubuta duk wannan a takarda ɗaya: irin bututu da girmansa, irin haƙori, suna da lambar samfurin inji da hita da masai, da lambar fiyus ɗin injin. Ɗauki hoton kowane mahaɗi da wayarka. Takardar ta zauna a cikin murfin akwatin.

Mataki na biyu: kayan aiki

Na farko shi ne almakashin yankan bututun roba. Kada ka ce wuƙa ko zarto za su wadatar. Mahaɗin turawa yana dogara ne da wani zoben roba a cikinsa, kuma bakin bututu da aka yanka a karkace ko mai kaushi yana yanka zoben tun wajen shiga. Almakashin ƙarami ne, yana yanka a miƙe tas da matsa ɗaya.

Sai sufana mai daidaita baki guda biyu, domin ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa. In ka murɗa da ɗaya kawai, ƙarfin zai tafi kan bututun da ke baya ya buɗe wani yoyon. Ƙara filaya mai faɗin baki, sukudireba mai baki ɗaya da mai kuros, da mai kusurwa huɗu idan motar ta Amurka ce, domin da irin wannan sukurun ake ɗaure mafi yawan allunansu. Soket na milimita 7 da na 8 sun fi sukudireba kama kan kilif ɗin tiyo a wuri matsattse. Idan hitarka ƙirar kamfanin Suburban ce, sandar da ke toshe bakin zubarwarta tana buƙatar soket na inci 1 da 1/16, kuma ba kasafai ake samunsa a ƙaramin saitin sufana ba.

Ga mai bututun PEX akwai zaɓi tsakanin na'urorin matse zobe iri biyu. Akwai mai matse zoben tagulla, wadda kowane girma da nasa bakin, hannayenta dogaye, tana kuma son fili ta buɗe. Akwai mai matse zoben ƙarfe marar tsatsa mai ɗan kunne a gefe. Ni dai ta biyun nake ba da shawara a mota: na'ura ɗaya ta isa girma daban-daban, kuma kunnen kawai take kamawa, don haka tana aiki a lungun da hannu ɗaya ne ke shiga. Mai mahaɗan turawa irin na kamfanin SharkBite kuma ya riƙe ɗan kilif ɗin robar da ake cire su da shi, mai siffar kofaton doki. Ƙarami ne ƙwarai, yana da saurin ɓata, saboda haka a sayi biyu.

Ragowar ƙanana ne amma ba a raina su: tocilar goshi, domin hannuwanka biyu za su kasance cikin aiki, ƙaramin madubi, maka ta sa alama, mitar gwada wuta, tsummoki, da wani faffaɗan kwano marar zurfi da zai iya shiga ƙarƙashin bututu ya tari ruwa.

Bar wutar walda a gida. Kusa da bututun ruwa akwai bututun gas da wayoyi da katako, kuma babu gyaran bututun roba da ke buƙatar harshen wuta. Gam ɗin bututu ma ba ya kama PEX.

Mataki na uku: kayan canji

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak daga cikin akwatin, matoshin ƙarshen bututu zan ɗauka, irin na turawa. Dalili kuwa, yawancin motocin nan ba a sa musu bawul a kowane reshe. Kan famfon banɗaki ya fashe, shi ke nan dole a kashe inji, kicin ma ya rasa ruwa, masai ya tsaya. Da matoshi kuwa sai ka yanke bututun da ke zuwa wurin da ya lalace, ka tura matoshin, ka kunna inji, sauran motar ta koma aiki cikin 'yan mintoci. Ɗauki aƙalla huɗu, domin kan famfo mai haɗa zafi da sanyi bututu biyu ne ke shiga cikinsa, kuma dole a toshe dukansu. Tare da su ka riƙe bawul biyu na tsakiyar bututu. Duk lokacin da ka yanke wani reshe don gyara, sa bawul a wurin ka bar shi. A hankali motar za ta zama kowane reshe da makullinsa.

Bayan su sai mahaɗai miƙaƙƙu guda huɗu, gwiwa biyu, mai baki uku guda biyu, da mahaɗi biyu masu noti mai juyawa irin wanda ke ɗaure bututu a gindin kan famfo ko a jikin inji. Bututu kuma mita ɗaya zuwa biyu ya isa. Launi alama ce kawai, ja da shuɗi abu ɗaya ne, don haka in iri ɗaya gare ka yi aiki da shi ka naɗa masa tef mai launi don tunawa.

Washa su ne mafi ƙanƙanta kuma su ne suka fi yawan ceto. Cikin notin nan mai juyawa akwai wata washar roba mai siffar mazurari. Ita ce ke hana ruwa fita, kuma da shekaru takan bushe ta tsage. Riƙe goma, da washar bakin tiyo, da zobban roba masu girma daban-daban, da ɗan man silikon na kayan abinci don shafa musu. Sai zobban matsewa, da kilif ɗin tiyo na ƙarfe marar tsatsa, da farin tef ɗin naɗe haƙori, da baƙin tef ɗin silikon mai manne wa kansa, da igiyoyin roba na ɗaure waya.

Akwai kuma kayan da suka danganci motarka kaɗai: murfin matacin inji ko matacin gaba ɗaya, fiyus mai lamba daidai da wanda ke ciki, matoshin zubarwar hita, da bawul ɗin ruwan masai, wanda roba ce siririya da sanyi ke saurin fasawa. Motar da injin ruwanta irin wanda ake jefawa cikin tanki ne, ta riƙe na canji da ƙaramin makunnin da ke cikin kan famfo. Mai tafiya nesa da gari na tsawon lokaci, ya dace ya ɗauki injin ruwa sukutum iri ɗaya da nasa, domin bakunansa su dace ba tare da dabara ba.

Kada a manta da mai rage ƙarfin ruwa. Ana auna matsin ruwa da psi ko da bar. Injin ruwa na motocin Amurka yakan tsaya a wajen psi 45 zuwa 55, na Turai ƙasa da haka, wajen bar 1.5 zuwa 2. Famfon sansani kuwa yana iya wuce psi 100, kuma wannan ƙarfin yana neman mahaɗi mafi rauni ya buɗe shi. A ɗaura na'urar a bakin famfon sansanin, kafin tiyo, domin tiyon ma ya samu kariya, a saita ta tsakanin psi 40 da 50.

Duk abin da ruwan sha zai ratsa, a tabbata an yi shi don ruwan sha. A kayan Amurka nemi alamar NSF 61, a na Ingila alamar WRAS.

Mataki na huɗu: shiryawa

Kowane iri ya shiga ledarsa mai zif, a rubuta suna da girma a jiki. Toshe bakunan bututun canji da tef don kada ƙura da ƙwari su shiga, a kuma ajiye shi inda rana ba ta dukansa, domin hasken rana na lalata PEX. Akwatin ya zauna ƙasa, a ɗaure, inda za ka kai gare shi daga cikin mota ba sai ka sauke rabin kaya ba. Ya yi nesa da tiyon zubar da ruwan masai da safofin hannun da ake wannan aikin da su; ko sufana ɗaya kada ta yi aikin biyu.

A lura da nauyi. A Turai, alal misali, lasin ƙaramar mota yana tsayawa ne a kilo 3,500, kuma kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cikakken tanki ya riga ya cinye kaso mai yawa na abin da aka yarje maka ka ɗauka. Akwatin da aka zaɓa da hankali 'yan kilo ne kawai.

Kafin tafiya, zauna da guntun bututu ka gwada komai sau ɗaya: yanka, tura mahaɗi, cire shi, matse zobe, yanke zoben. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma a nan ne za ka gane ko abin da ka sayo ya dace da bututunka.

Mataki na biyar: idan yoyo ya zo

Sau da yawa kunne ne ke fara kama shi. Injin tura ruwa yana da makunni da ke kashe shi idan matsi ya cika. In duk kan famfo a rufe suke amma kana jin injin ya yi gurnani na daƙiƙa ɗaya ya yi shiru, can an jima ya sake, to ruwa ba ya tsami banza: matsi na zurarewa ta wani wuri. Ko dai akwai yoyo, ko kuma bawul ɗin cikin injin ne ke barin ruwa ya koma tanki.

Abu na farko, kashe injin, ko rufe famfon sansani ka cire tiyo. Na biyu, kashe hita, gas da lantarki duka, domin ƙarfen ɗumama na lantarki yana ƙonewa nan take in tankin ya zama fanko. Na uku, buɗe kan famfo na zafi da na sanyi matsin ya fita. In za ka taɓa ɓangaren zafi, jira ruwan ya huce tukuna. Sannan ka goge ruwan da ya zuba, ka nisanta shi da wayoyi da akwatin fiyus.

Yanzu neman wurin. Inda ka ga ruwa ya taru da wuya ya zama nan ne tushen, domin ruwa na bin jikin bututu da gangaren daɓe ya je ya fito can wani wuri. Goge komai ya bushe, ka naɗa takardar goge hannu a kan kowane mahaɗi da kake zargi, ka kunna injin na minti ɗaya, ka kashe. Takardar da ta fara jiƙa a wuri mafi tudu, can ne. Fara da wuraren da aka fi samun matsala: bakunan inji biyu da murfin mataci, bayan hita, gindin kan famfo, bayan masai, da bayan bakin jona tiyo na waje. Akwai wani wuri da ya kamata a sa wa ido musamman a motocin Amurka, inda aka ɗora tiyo mai laushi mai saƙa a kan mahaɗin PEX aka matse da zobe. Cikin tiyon ya ɗan fi mahaɗin faɗi, shi ya sa yakan fara tsattsafowa bayan an sha hanya.

Ka kuma bambance ruwan da ke fita kullum da wanda ke fita sai an yi amfani da wurin wanke-wanke ko shawa. Na biyun daga bututun zubar da ruwan datti yake, ba shi da matsi, kuma galibi noti ne ya kwance.

Mataki na shida: gyaran kansa

Idan a noti mai juyawa ne, gwada ƙara matse shi da hannu. In bai tsaya ba, kwance shi, zaro tsohuwar washar da ƙaramar sukudireba, sa sabuwa yadda tsohuwar ta fuskanta, ka ɗaure da hannu ka ƙara rubu'in zagaye da sufana. Nan ka tsaya. Notin roba da aka matse fiye da kima tsagewa yake yi, wani lokaci ba a ranar ba. Irin wannan notin ba a sa masa farin tef, washar ce ke aikin, tef ɗin ma yakan hana ta zama daidai.

Farin tef na bakin haƙori ne da ke matsewa yayin da yake shiga. Goge haƙoran, ka fuskanci bakin, ka naɗa zagaye uku zuwa huɗu ta hannun agogo, ka bar haƙorin farko a buɗe don kada guntun tef ya shiga ruwa ya je ya toshe mataci.

Idan bututun ne ya tsage, sa kwano a ƙasa, ka yanke wurin da ya lalace har ka wuce tsagar da santimita biyu ko uku ta kowane gefe, domin tsaga takan yi tsawo fiye da yadda ido ke gani. Duba bakin: ya zama a miƙe, zagayayye, babu ƙarzuwa a jikinsa. Da mahaɗin turawa, auna zurfin da bututun zai shiga ka sa alama da maka. A rabin inci kusan inci ɗaya ne. Tabbatar ɗan hannun robar da ke ƙarfafa cikin bututu yana nan in irin mahaɗin na buƙatarsa. Tura da ƙarfi. Za ka ji ya ɗan tsaya a kan zoben roba, kuma a nan ne mutane da yawa ke zaton ya kai. Ci gaba da turawa har alamar ta iso bakin mahaɗin. Sannan ka ja shi baya domin haƙoran ciki su kama. A irin na John Guest, akwai ɗan kilif da ake sawa a bayan wuyan mahaɗin don kada wani abu ya danne shi ya saki bututu a hanya, sa shi.

Da zoben matsewa kuwa, fara zura zoben a bututu, sannan ka tura mahaɗin har ƙarshe. Zoben ya zauna milimita 3 zuwa 6 daga bakin bututun, daidai kan tudun mahaɗin. Kama kunnen da na'ura a miƙe, ka matse har na'urar ta saki da kanta. In ya karkace, yanke shi ka sa sabo. Zobe ba a matse shi sau biyu.

In giɓin ya yi faɗi, sa guntun sabon bututu da mahaɗi biyu, ka bar masa ɗan sarari kada ya zama a ɗame. Bututun da ke ɗame shi ne jijjiga ke zarewa. Daga nan duba abin da ya jawo tsagar. In gefen katako ko kan sukuru ne ke gogarsa, yanki guntun tiyo ka tsaga shi ka sanya masa riga a wurin, ka ɗaure da igiyar roba.

Baƙin tef ɗin silikon na lungun da almakashi ba ya shiga ne. A busar da wurin, a ja tef ɗin sosai yayin naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a fara daga nesa da tsagar a wuce ta. Zai kai ka inda za ka yi gyara na gaskiya, amma ka riƙa kashe inji duk lokacin da ba a amfani da ruwa.

Matsalar inji kuwa iri biyu ce. In ya yi shiru ɗungurungum, duba fiyus, sannan ka gwada da mita ko wuta na isa wayoyinsa. In yana gudu amma ruwa na fita da tari da kumfa, ko ba ya fita, to iska yake sha ta ɓangaren tanki. Duba ko akwai ruwa a tankin, ka kwance murfin mataci ka wanke ragar, ka duba zobensa da ko murfin ya tsage, ka matse kilif ɗin da ke wannan layin. Yoyon wannan ɓangaren ba ya zubar da ruwa sosai, iska yake shigarwa, shi ya sa yake da wuyar gani.

Mataki na bakwai: gwaji da tsabtacewa

Buɗe kan famfo mafi nisa, ka kunna inji, ka bari iska ta fita har ruwa ya zo a miƙe. Yi haka ga kowane kan famfo, zafi da sanyi. Sai ruwa ya fito sosai ta ɓangaren zafi za ka san hita ta cika, sannan ne za a kunna ta. Rufe komai, ka saurara minti goma zuwa sha biyar: injin ya tsaya kuma ya ci gaba da yin shiru. Naɗa busasshiyar takarda a sabon mahaɗin ka bar ta, ka duba bayan ruwan zafi ya ratsa, ka sake dubawa bayan tafiyar farko.

In an buɗe layin sosai ko datti ya shiga, a wanke shi. Ma'aunin da aka saba shi ne kusan mililita ɗaya na bilic ɗin gida marar turare ga kowace litar tanki. A sirka shi da ruwa a jarka kafin a zuba, a cika tanki, a tura shi har kowane kan famfo, a bar shi awa huɗu, a zubar, a ɗauraye har warin ya tafi. Duba littafin hitarka tukuna, domin wasu masu ƙerawa suna hana kulorin da ke cikin bilic shiga tankinsu.

Ga mai shiga ƙasar sanyi

Ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. PEX yana ɗan miƙewa ya jure, amma mahaɗai da kan famfo da inji da bawul ɗin masai ba sa jurewa. Mai zuwa inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili ya ƙara abu biyu a akwatinsa: ɗan bakin da ake jona injin iska da shi don hure ruwa daga bututu, da matsin da bai wuce psi 30 zuwa 40 ba, da ruwan hana daskarewa mai ruwan hoda da aka yi musamman don bututun ruwan sha. Wanda ake zubawa a lagireto guba ne, kada ya kusanci layin ruwa ko kaɗan.

Masu hitar kamfanin Truma kuma su san da bawul ɗinta mai suna FrostControl, wanda ke buɗe kansa ya zubar da ruwan hita idan sanyi ya kai wajen digiri 3 na ma'aunin Celsius. Mutum ya wayi gari ya ga ruwa a ƙarƙashin mota ya ɗauka bututu ne ya fashe, alhali bawul ɗin ne ya yi aikinsa. In an bar inji a kunne, zai yi ta tura ruwa ta wannan bakin har tanki ya ƙare. Ba ya kuma rufuwa sai wurin ya ɗumama ya haura wajen digiri 7, don haka a kunna ɗumin ɗaki tukuna, a rufe bawul ɗin, sannan a sake cika hitar.